Ruwan Yini Ɗaya

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya san faɗinta, ya saukar da ruwa ya san adadin ɗigonsa, ya ba kowace hanya farko ya ba ta ƙarshe, nake buɗe wannan labari. Ni ce Tasallah 'yar Jatau, mutuniyar Birnin Zarwa. Shekara ashirin da biyu ina koyar da lissafi a makarantar masu awon gona, ban taɓa kwana a bayan ganuwar garinmu ba. Ba ni da ƙarfin zuciya, ban kuma taɓa cewa ina da shi ba. Abin da zan faɗa da idona na gan shi.

Yayata Kuluwa ce ta fitar da ni daga gida. Ginin tukwane ne sana'arta, har yanar ido ta rufe mata idanu biyu, ta koma ba ta bambanta komai sai haske da duhu. Masu magani suka ce babu sauran dabara sai wata maɓuɓɓuga a ƙasar Walan, can bayan Farin Gishiri, wadda aka ce ruwanta yana wanke yana. Na ce mata ta bari in yi nazari.

"Ke kam ranar da za a kai ki kabari ma sai kin ce a dakata ki sake dubawa," in ji ta. "In ba za ki je ba, juya ni in fuskanci gabas, zan laluba."

Muka ɗaure kaya a kan wata tsohuwar taguwa, wato raƙuma, muka fita.

Wata biyu muna tafiya kafin mu iso Kwarin Masu Sulusi. Matan ƙauyen da ke bakin kwarin suka gaya mana cewa tsuntsaye ne ke da shi, kuma duk guzurin da aka shiga da shi sai sun ɗauki kashi ɗaya cikin uku. Wanda ya ɓoye wani abu, daga jikinsa suke cike nasu. Suka nuna mana wani mutum zaune a gindin tsamiya. Sau ɗaya na dube shi, ban ƙara ba.

Bayan kwarin akwai tafiyar yini huɗu babu gari, mu biyu kuwa muna bukatar curin fura takwas. Sai mu san nawa za mu shiga da shi, don kaya ya riga ya yi wa taguwar yawa. Na tsuguna na ajiye tsakuwa a ƙasa, na ce ita ce adadin da ban sani ba. Tsakuwa, a cire sulusinta, saura takwas. Na ninka kowane abu sau uku don sulusin ya daina zama gutsure: tsakuwa uku, a cire ɗaya, daidai da ashirin da huɗu. In tsakuwa biyu ashirin da huɗu ce, ɗaya goma sha biyu ke nan. Ban tashi ba sai da na gwada: sulusin sha biyu huɗu, a cire, saura takwas.

"Ba kin samu ba? Me kike yi kuma?" in ji Yaya.

"Ina mayarwa in gani."

"Malama ke nan."

A tsakiyar kwarin suka sauko, ba ƙarar fiffike ko kaɗan. Kowanne ya kai maraƙi, idanunsu irin na mutane, har da gashin ido. Na shimfiɗa zane na jera curin goma sha biyu. Babban cikinsu ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana taɓawa da baki, ya ware huɗu. Sannan ya tako a hankali, ya kai fuskarsa daf da ta Yaya, ya tsaya yana kallon fararen idanunta.

"Tasallah, sun tafi ne?" ta ce. "Wani abu yana wari kamar tsohuwar rijiya."

Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba. Da suka tashi, sai na tarar na ciji leɓena har jini ya ɓata mini mayafi.

A yini na huɗu muka hango Birnin Ɗungum, gari na ƙarshe kafin gishiri. An gina shi ne kewaye da rijiya guda, kuma babu wani ruwa a tafiyar yini huɗu ta kowace fuska. Mun isa salkunanmu sun bushe ƙayau. Mai iko da ruwan wata dattijuwa ce da ake kira Uwar Rijiya, a gidanta baƙi ke sauka.

Mutanen Ɗungum masu fara'a ne, masu karamci, sai dai suna da wata al'ada. A wurinsu duk abin da yake cikakke lafiyayye ne, ana girmama shi, ba a taɓa shi a banza. Abin da ya tsage ko ya gutsure kuwa marar lafiya ne. Ba sa yanka kabewa a gaban mutane, akwai wasu gidaje a bayan gari da ake kai irin wannan aiki. Ba mu san haka ba. Da aka kawo mana goron baƙi, Yaya ta sa farce ta ɓare shi biyu ta miƙo mini ɓari. Wata mata ta zo da awartaki ta ɗauke ɓarin daga tafina, ta fita da shi tana kau da kai.

Ko yini ma ba su ƙyale ba. Idan rana ta take tsaka, sai a buga wani babban tambari sau ɗaya, kowa ya rufe fuska da mayafi ya yi shiru na ɗan lokaci. Wai yini ya karye biyu, ana yi masa jaje.

Da yamma Uwar Rijiya ta zaunar da mu ta faɗa mana dokar ƙofar gabas, wadda ke buɗewa kan gishiri.

"Ruwa ba ya fita sai da awo," ta ce. "Gora ɗaya ga mutum ɗaya a yini ɗaya. Mai Faifai ne ke lissafa yawan yinin, a gaban jama'a. Wanda ya ɗauki fiye da haka ɓarawo ne. Wanda kuma ya fita ya zama gutsuren gari, ƙofa ba ta sake buɗe masa."

"Inna, yini nawa ake ba mutane?" na tambaya.

"Ɗaya mana. Zango biyu ne kawai, 'yata. Da la'asar kuna can kuna wanke ƙafa."

"Akwai wanda ya taɓa aiko da labari daga can?"

Ta yi murmushi. "Wa zai tuna da mu a wurin daɗi irin wannan? Shi kansa Mai Faifai, 'yarsa ta tafi shekara tara ke nan, ko gaisuwa."

Yaya ta ji daɗin maganar. Ni kuwa na kwana ina juya ta a raina.

Da hantsi aka kai mu ƙofar gabas, jama'a suka taru. A jikin ƙofar akwai wani baƙin dutse da rubutu a kansa. Waɗanda suka kafa garin ne suka sassaƙa shi, suka ɓoye faɗin gishirin a cikin lissafi don kada mahara su karanta. Ga abin da ya ce:

"Mutum biyu suka bar wannan ƙofa da safiya ɗaya. Mahayi yana cin zango uku a yini, mai ƙafa yana cin zango biyu. Mahayi ya sha ruwan Walan yini biyu kafin mai ƙafa."

Na karanta sau uku. Idan mai ƙafa ya makara da yini biyu cur, ta yaya dukan tafiyar za ta zama ta yini ɗaya?

Mai Faifai ya fito. Sunansa Nomau, tsoho ne siriri mai tsabtar hannu da taushin murya. Ya gaishe mu, ya tambayi gajiyar hanya, ya zauna a kan buzu. Aka ajiye masa faffaɗan faifai cike da farin rairayi. Ya ja layi a tsakiya. Baƙar tsakuwa ce faɗin gishirin a wurinsa, kamar yadda nake yi. A hagu ya zana kwanakin mahayi, wato sulusin tsakuwa, ya ƙara biyu a gefensa. A dama ya zana kwanakin mai ƙafa, rabin tsakuwa. Har nan ban ga kuskure ba, na ma ji wata ƙauna gare shi, irin wadda mutum ke ji idan ya tarar da mai sana'arsa a ƙasar da ba tasa ba.

"Gutsuren uku da gutsuren biyu," ya faɗa da murya kamar mai karatu, "maganinsu shida."

Ya ninka sulusin sau shida, ya zama tsakuwa biyu. Ya ninka rabin sau shida, ya zama tsakuwa uku. Da ya zo kan biyun nan da ke hagu, sai ya ciro wani ɗan farin ƙyalle ya lulluɓe ta, ya rusuna mata, ya wuce. Tsakuwa biyu da biyu, daidai da tsakuwa uku. Ya ɗebe tsakuwa biyu daga kowane gefe.

"Zango biyu," ya ce. "Yini ɗaya. Gora biyu ga baƙi biyu. Allah ya kai ku lafiya."

Jama'a suka amsa da amin. Aka fara kwance sarƙar ƙofa.

Ban taɓa yi wa babba gyara a gaban mutane ba. Muryar da ta fito daga bakina ma ban gane ta ba.

"Baba, a gafarce ni. Biyun nan ba a ninka ta ba."

Aka yi wani gunaguni. Shi bai yi fushi ba, ya dube ni da tausayi.

"Baiwar Allah, ai lafiyarta ƙalau. A garinku ana ɗura wa mai lafiya magani ne?"

"To Baba, in zango biyu ne, mai ƙafa yini ɗaya zai yi. Ta ina ya makara da yini biyu?"

"Yinin gishiri ba irin na gari ba ne. Haka malamina ya gaya mini, shi ma haka nasa ya gaya masa."

Uwar Rijiya ta ɗaga hannu, masu sarƙa suka dakata. Murmushin jiya babu shi a fuskarta.

"Baƙo yana da damar ya yi nasa lissafin sau ɗaya, doka ta ba shi," ta ce. "Amma ki ji da kyau. In kika sa hannu a kan cikakke a cikin faifan nan, za ku fita ƙofar nan ba ko ɗigo."

Na durƙusa a gaban faifan. Amsar tana kaina tun ina karanta dutsen, domin abin da aka yi wa ɗaya dole a yi wa kowa, in ba haka ba gefe biyun sun daina zama daidai. Biyu sau shida, goma sha biyu. Zango goma sha biyu, yini shida a ƙafa. Da gora ɗaya za mu kai yini na biyu, wataƙila safiyar na uku. Na share rairayin na sake zana komai, na tsaya a kan ƙyallen. Na nemi wata hanya, na kai biyun dama a zuciyata, na dawo da ita hagu, ko'ina na kai ta sai an ninka ta. Rana tana hawa, gumi yana shiga mini ido. Ta tsagar ƙofa ina hango gishirin, fari fat, ba iyaka.

Yaya ta laluba ta dafa kafaɗata. "Yini nawa ne?" ta raɗa mini.

"Shida."

Ta janye hannunta.

Sai aka buga tambarin tsakar rana. Kowa ya ja mayafi ya rufe fuska. Yaya ba ta ganin haka, ta ɗauka a hankali take magana, alhali duk filin ya ji ta.

"Ji su. Kullum suna makokin yini ya karye, amma ga shi a kan faifai suna cewa lafiyarsa ƙalau."

Wani ya yi tsaki daga ƙarƙashin mayafi. Ni kuwa maganarta ta buɗe mini hanya. Na jira aka gama jajen aka buɗe fuskoki, sannan na juya ga Uwar Rijiya.

"Ranki ya daɗe, wa aka yi wa jaje yanzu?"

"Yini. Kin gani ai."

"Me ya same shi?"

"Ya karye biyu."

"Yau kaɗai, ko kullum?"

"Kullum. Tun da aka yi duniya."

"To biyun da ke ƙarƙashin ƙyallen nan, biyun mene ne? Ba goro biyu ba ne, ba ƙwai biyu ba ne. Dutse ya ce yini biyu. Kowanne ya karye da tsakar rana, rabi huɗu ke nan. Ni ba zan taɓa ta ba. Baba ne mai magani, shi zai duba ko tana da lafiya."

Na janye hannayena na ɗora su a cinya inda kowa zai gani. Baba Nomau ya daɗe yana kallon ƙyallen. Ya miƙa hannu ya janye, ya sake miƙawa, ya ɗage shi da yatsa biyu. Ya share biyun, ya zana rabi huɗu a jere.

"Gutsure ne," ya ce, da ƙyar ake jinsa. "Maganinsa shida."

Kowane rabi sau shida, uku. Uku sau huɗu, goma sha biyu. Tsakuwa biyu da goma sha biyu, daidai da tsakuwa uku. Ya ɗebe biyu daga kowane gefe, ya zauna yana kallon abin da ya rage.

"Baba, mu mayar mu gani," na ce. "Zango goma sha biyu, mahayi yini nawa?"

"Huɗu."

"Mai ƙafa fa?"

"Shida."

"Tsakaninsu?"

Ya ɗaga kai ya dubi dutsen. Wata mata a cikin taron ta sulale ta zauna a ƙasa. Wani namiji ya ce dabarar baƙi ce, so suke su kwashe ruwan gari, wasu da dama suka goya masa baya. Uwar Rijiya ta ce abin da faifai ya nuna a gaban jama'a shi doka ta sani, a ba mu gora goma sha biyu, amma wannan na yau ne kaɗai, ba za a sauya abin da aka gada don maganar matar da ta kwana ɗaya a gari ba.

Baba Nomau ya miƙe ya karkaɗe rigarsa. "A cika mini shida," ya ce. "Zan raka su. In yinin ɗaya ne, yau zan ga 'yata Barmani."

Ba wanda ya iya hana shi. Aka ɗora wa taguwa gora goma sha takwas, har ba wurin da Yaya za ta hau. Muka fita, na ji sarƙar tana komawa a bayanmu.

Babu tsuntsu a kan Farin Gishiri, babu ƙuda, babu inuwa sai tamu. Ƙasa tana ƙara a ƙarƙashin takalmi kamar ana tauna ƙashi. Ina riƙe da akalar taguwa da hannu ɗaya, Yaya tana riƙe da ɗaya hannun, ina ƙirga taku a zuciyata don in san zangon da muka ci. Da la'asar sai ga gaɓa ta bayyana a gabanmu, da giginyu da ruwa yana walƙiya. Baba Nomau ya yi dariya kamar yaro, ya tattare riga ya wuce mu da sauri. Muka bi shi har rana ta faɗi, giginyun ba su matso ko taku ɗaya ba, sannan suka narke. Kawalwalniya ce. A nan na gane dalilin da ya sa ba wanda ya taɓa juyawa da baya. Duk wanda ruwansa ya ƙare yana ganin gaɓa a gabansa.

Wajen azahar ta yini na biyu muka fara tarar da su. Gishiri ba ya barin jiki ya ruɓe. Suna nan da kayansu, sun bushe, farin ɓawo ya rufe su, kowa ya fuskanci gabas, kowa da gora ɗaya. Wasu a zaune, wasu a kife. Akwai mata biyu da suka riƙe hannun juna. Taguwa ta riƙa kaucewa tana gurnani.

"Me take kaucewa haka?" in ji Yaya.

"Duwatsu ne, Yaya."

"Ke ba ki iya ƙarya ba, tun kina ƙarama. Su nawa ne?"

"Na daina ƙirgawa."

Ta ƙara damƙe hannuna. Baba Nomau yana bin su ɗaya bayan ɗaya, yana sunkuyawa yana duba fuska, yana kiran sunan wanda ya gane a hankali kamar mai gaisuwa.

Da safiyar yini na uku ya sami Barmani. Ta fi kowa nisa. Da gorar ya gane ta, don shi ya zana mata ita da wuƙarsa. Ya zauna a gefenta, ya warware rawaninsa ya rufe ta da shi. Bai yi kuka ba.

"Ni na auna mata," ya ce. "Har na ce mata kada ta cika sha, ta rage wa hanya."

Yaya ta laluba ta zauna kusa da shi, ta ce, "Baba, Allah ya ji ƙanta." Ya ce amin. Bayan wani lokaci ya tashi ya je wurin taguwa, ya kwance gora biyu daga cikin huɗun da suka rage masa, ya rataya, ya juya yamma.

"Ba za su buɗe maka ba," na ce.

"Ba sai sun buɗe ba. Akwai mutum uku da ke shirin fita, kuma kin ji abin da Uwar Rijiya ta ce, gora ɗaya za a ba su. Zan tsaya a gindin ganuwa in yi ta faɗa har a ji. Sauran biyun naku ne. Yayarki ba ta cin zango biyu a yini, na lura."

Ya yi gaskiya, kuma ni ce ban lura ba. Na lissafa faɗin gishiri daidai, na manta cewa mai ƙafar da ke jikin dutse yana da ido, kuma ba shekara sittin gare shi ba. Gishiri ya tsattsaga wa Yaya dunduniya, kowane taku sai ya bar jan tabo. Na yayyaga zane na naɗe mata. Da na haɗa takun da na ƙirga, sai na ga yini biyu da muka yi ba mu ci zango uku da rabi ba. A yini na biyar kaya ya ragu ta hau taguwa, muka ɗan ƙara sauri, amma yini na shida ya ƙare babu komai a gabanmu sai fari. Gorunanmu goma sha biyu sun ƙare.

Kowace safiya nakan zana lissafin a kan gishiri in sake dubawa, kullum amsar ɗaya. Sai wani tsoro ya shige ni wanda lissafi ba ya maganinsa. In dutsen ne ya yi ƙarya fa? In masu sassaƙa shi sun so su ɓatar da mahara ne gaba ɗaya? Tun daga zango na huɗu ba mu ƙara ganin kowa ba, ba mai rai ba, ba gawa ba. Ba wanda ya taɓa kawowa nan da zan tambaya.

A yini na bakwai muka sha gorunan Baba Nomau. Na ƙarshen muka riƙa jiƙa baki da shi kawai, har aka kai ga girgiza shi ba a jin motsi. Harshena ya kumbura. Da la'asar giginyu suka sake fitowa a gabanmu kamar kullum, na sunkuyar da kai don kada in gan su.

"Akwai shanu a kusa," in ji Yaya daga kan taguwa, muryarta kamar ana goga ƙwarya.

"Kawalwalniya ce, Yaya. Yi shiru ki rage magana."

"Kawalwalniya tana kashi ne? Ni dai warin kashin shanu nake ji, Malama."

Kafin in amsa taguwa ta fizge akala daga hannuna. Na bi ta ina faɗuwa ina tashi. Ƙarar da ke ƙarƙashin ƙafata ta sauya, na duba, sai na ga laka ce baƙa, da ciyawa a cikinta. Wata mata tana wanke ƙore a bakin rafi. Ta dube mu, ta dubi gishirin da ke bayanmu, ta ajiye ƙwaryar a hankali.

"Kakata ta ce da can mutane suna zuwa ta nan," ta ce. "Mun ɗauka tatsuniya ce."

Wata biyar muka yi a Walan. Maɓuɓɓugar tana nan, ruwanta ya buɗe wa Yaya idon dama har tana gane fuska in an matso, na hagu bai buɗe ba. Abin da ta fara gaya mini shi ne na tsufa. Ni kuwa kowace la'asar sai ƙafata ta kai ni bakin gishiri, in zauna ina kallon yamma har ido ya yi mini zafi.

A wata na uku na hango ɗigo baƙi can nesa. Na ce a raina kawalwalniya ce, amma ɗigon ya yi ta girma har ya zama mutum uku da jaki. Suka iso leɓunansu a tsage, suna tangaɗi, da ransu. Na kai su rafi suka sha, sannan na tambaye su Baba Nomau.

Babbansu ya sunkuyar da kai. Ya ce ba a buɗe ƙofar ba, al'ada ba ta bari. Yini biyu tsohon ya yi a gindin ganuwa yana kiran sunayen waɗanda ya gani, ɗaya bayan ɗaya, da inda kowa ya faɗi, da kayan da ke jikinsa, mutanen gari suna tsaye a sama suna ji, har muryarsa ta ƙare.

Na taya su sauke kayan jakin. Gora ashirin da ɗaya ne, bakwai ga kowa. Da sauran ruwa a cikin biyu.